Mako Guda a Norwe: Yadda Za Ka Tsara Tafiya Daga Oslo Zuwa Bergen

Wanda ya fara shirin zuwa Norwe yakan buɗe taswira ya shiga tsintar garuruwa kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa: Oslo, Bergen, Tromsø, tsibiran Lofoten, dutsen Preikestolen, duk a kwana bakwai. A nan tafiyar take lalacewa tun ba a fara ta ba. Ƙasar siririya ce amma doguwa, daga kudu zuwa arewa ta haura kilomita 1,700, kusan ninki biyu na nisan Kano zuwa Legas. Hanyoyinta kuma ba a miƙe suke ba, sai an ratsa cikin dutse, an zagaya ruwa, an jira jirgin fito. Mai kwaɗayin ganin duka zai ƙare makonsa a layin filin jirgi.

Shawarata ita ce ka ɗauki layi ɗaya ka bi shi a natse: ka sauka Oslo, ka hau jirgin ƙasa ka ƙetare tsaunuka zuwa ƙauyen Flåm, ka shiga jirgin ruwa, ka ɓulla Bergen, daga can ka tashi zuwa gida. A wannan layin ba sai ka isa wani wuri za ka fara kallo ba, hanyar ita ce abin kallon. Don haka jadawalin jirgin ƙasa ne zai tsara maka makonka, komai kuma a jikinsa za ka rataya shi.

Mataki na farko: zaɓi wata

Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Satumba ne lokacin wannan hanya. Yuli ya fi ɗumi, ya fi cunkoso, ya fi tsada. Ni na fi son ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, lokacin da ƙanƙarar kan duwatsu take narkewa, ruwa yana zubowa ta kowane gefe, ko kuma ƙarshen Agusta bayan 'yan makaranta sun koma aji. Ɗumin nasu ma kada ya ruɗe ka. Abin da suke kira zafi bai wuce safiyar Jos ba, kuma a kan ruwa iska tana ratsa ƙashi.

Idan hasken nan mai launuka da ke wasa a samaniya da dare ne ya ja ka, to wannan wata tafiya ce dabam. Sai ka nufi Tromsø tsakanin ƙarshen Satumba da Maris, lokacin da dare yake da duhu. A watan Yuni ba a ganinsa, domin daren ma babu shi.

Wannan rashin dare yana da ruwa da sallarka. A Oslo, wajajen 21 ga Yuni, rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 11 saura kwata na dare, kafin ƙarfe 4 kuma ta fito, kuma jan shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya a tsakani. Manhajojin lokutan salla sukan rikice su ba ka isha da asuba a manne. Ka nemi jadawalin masallacin garin da kake ka bi shi, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ka bar gida. Alƙibla a can kudu maso gabas take. Wanda ya saba fuskantar mafitar rana, ya kula.

Mataki na biyu: biza

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, saboda haka bizar Shengen ta ɗan gajeren zama za ka nema. Ana cike takardar a shafin hukumar shige da ficen ƙasar, UDI, a biya kuɗi a can, sannan a kai fasfo da takardu ofishin da shafin ya nuna wa 'yan ƙasarka, inda za a ɗauki hoton yatsu. Tun Yunin 2024 kuɗin biza yuro 90 ne ga baligi, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu.

Fasfonka ya kasance an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma zai ƙara aƙalla wata uku da rai bayan ranar fitowarka. Inshorar lafiyar tafiya dole ce, ta aƙalla yuro 30,000, mai aiki a duk ƙasashen Shengen tsawon kwanakin da za ka yi. Sai bayanan asusun banki, takardar wurin aiki ko shaidar kasuwanci, shaidar masauki, da tsarin tafiyar kwana bayan kwana. Abin da mai duba takardun yake son ya tabbatar abu biyu ne: kana da kuɗin zaman, kuma kana da abin da zai mayar da kai gida. Kuɗin da aka zuba a asusu tashi ɗaya ana saura kwana uku ba ya ɓoyuwa.

Doka ta ba ka damar nema tun ana saura wata shida. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Ka kai takardunka ana saura wata uku, hankalinka kwance.

Mataki na uku: tikiti, kuma da tsari

Jirgi ba ya tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Oslo, sai an yada zango, ko a Istanbul, ko Doha, ko Addis Ababa, ko Amstadam, ko Farankfot. Ka guji bi ta Landan, domin Ingila ba ta cikin Shengen, kuma tana iya neman bizarta ko da wucewa kawai za ka yi. Ka nemi tikiti mai shiga ta Oslo ya fita ta Bergen. Ko ya ɗan fi tsada, ya cece ka kwana guda cur na komawa baya a kan hanyar da ka riga ka gani.

Kafin biza ta fito, duk abin da za ka kama ya zama wanda ake sokewa a mayar da kuɗi. Ranar da ta fito, abin da za ka fara saya shi ne tikitin jirgin ƙasa na safe daga Oslo zuwa tashar Myrdal da ke kan tsauni, a manhajar kamfanin jirgin ƙasa na Vy. Akan fara sayarwa 'yan watanni kafin ranar tafiya, mai araha shi ke fara ƙarewa, kuma ba a mayar da kuɗinsa. Daga nan sai jirgin Myrdal zuwa Flåm, sai jirgin ruwa, sai ɗakin kwana a Flåm. Ƙauye ne mai mutane ɗaruruwa kaɗan, ɗakunansa ba su da yawa. In ka rasa, duba Aurland, bas bai fi minti goma sha biyar ba tsakaninsu.

Akwai kamfanin da ke haɗa duk waɗannan tikitoci a dunƙule da sunan Norway in a Nutshell. Jiragen dai su ne, ba wani jagora da zai bi ka. In kana iya zama da waya awa guda, ka saya da kanka. Manhajar Entur tana nuna lokutan jirgi da bas na duk ƙasar, Yr kuma ta hasashen yanayi ce.

In da hali, ka sauka ranar Alhamis. Za ka samu Juma'a a Oslo inda masallatai suke, Lahadi da manyan kantuna ke rufe ta riske ka a ƙauye, Litinin da wasu gidajen tarihi ke hutu kana kan ruwa.

Mataki na huɗu: jaka da guzuri

Jaka ɗaya mai taya da ta baya sun isa, don za ka sauya abin hawa sau da yawa kuma babu ɗan dako. Rigar ruwa mai hula ta fi lema, iskar Bergen karya lema take yi. Ka ɗauki suwaita, safa mai kauri, da takalmi mai riƙe ƙasa. Ɗan Najeriya da ɗan Gana su sayi mahaɗin soket, domin na can mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Mutanen Nijar da Kamaru nasu zai shiga. Ƙaramar buta ko gora ta musamman kada a manta da ita, banɗakunansu takarda ce kawai. Ka haɗa da abin rufe ido, in ba haka ba ƙarfe 3 na dare haske zai tashe ka ka zaci ka makara.

Kilishi, dambun nama, man shanu, da duk wani abin nama ko nono daga wajen Turai haramun ne a kwastan ɗin Norwe. Kada ka gwada sa'a. In kana ɗauke da wani abincin da kake shakka a kai, ka bi ta jar ƙofa ka nuna. Tsabar kuɗi da ta haura krona 25,000 (krona ce kuɗin Norwe) ma sai an bayyana ta.

Ba ma ka buƙatar tsaba da yawa. Kati ake amfani da shi ko'ina, har ƙofar banɗakin tasha. Ka tafi da kati biyu na bankuna dabam masu aiki a waje, ka tabbatar ka san lambobin sirrinsu. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana kai wajen krona 10, lissafin da sauƙi: cire sifili ɗaya.

Tsadar Norwe a gidan abinci da tasi ta fi cizo. Maganinta uku ne. Ka kama otal mai haɗe da karin kumallo ka ci ka ƙoshi. Ka yi cefane a Kiwi, Rema 1000 ko Extra, ka naɗe burodi da cuku da kifi a takarda kamar yadda 'yan ƙasar suke yi, suna kiransa matpakke. Ruwa kuma kada ka saya, na famfo mai kyau ne, sanyi ƙarara. A jikin fakiti, svin da skinke alade ne, kylling kaza, laks da torsk kifi. Ka riƙa karanta bayan fakitin tsiran Bature ko da an rubuta wani nama a gaba. Wajen Oslo kifi ne ya fi kwanciyar hankali.

Kwana na ɗaya da na biyu: Oslo

Filin jirgin Gardermoen yana kusan kilomita 50 daga gari. Jirage biyu ne ke zuwa babbar tasha: Flytoget mai yin kusan minti 20, da na Vy wanda ya ɗara shi da 'yan mintoci amma kuɗinsa kusan rabi. Ka hau na Vy. Ranar farko kada ka ɗora wa kanka komai. Gidan wasan opera yana gefen tasha, an buɗe shi a 2008, rufinsa gangare ne na farin dutse da ake hawa da ƙafa kyauta. Daga sama za ka ga gari da ruwa, ka gane gabas da yamma. Sai ka bi titin Karl Johan har fadar sarki ka dawo ka kwanta.

Washegari ka fara da zauren majalisar birni, inda ake miƙa kyautar zaman lafiya ta Nobel duk 10 ga Disamba. Shiga kyauta ne. A bakin ruwan da ke gabansa akwai ƙaramin jirgi mai kai mutane Bygdøy, unguwar gidajen tarihi, a lokacin ɗumi, ko ka hau bas mai lamba 30. In gidan tarihi ɗaya za ka shiga a Oslo, ka shiga na Fram da ke can. Jirgin katako ne da aka ƙera da zagayayyen ciki, don in ƙanƙara ta matse shi ta tura shi sama maimakon ta fasa shi. Da shi Fridtjof Nansen ya kutsa tekun ƙanƙara na arewa daga 1893 zuwa 1896, da shi Roald Amundsen ya tafi kudu har ya taka ƙuryar kudancin duniya a Disamban 1911. Ana shiga cikinsa, ka ga 'yan ɗakunan da ƙarti suka yi shekaru a ciki. Gidan jiragen ruwan Vikin, mayaƙan teku na zamanin da, da ke kusa an rufe shi tun 2021 don sake gini, ka duba ko ya buɗe kafin ka nufe shi.

Kafin azahar ka dawo unguwar Grønland, bayan babbar tasha, don Juma'a. Nan masallatai suke, da mahauta masu naman halal, da gidajen abincin Pakistan da Somaliya masu sauƙin kuɗi. Da yamma lambun Vigeland, mai mutum-mutumi sama da 200. Duk tsirara suke, maza da mata da jarirai. Mai tafiya da surukai ko yara ya san da wannan. In bai yi maka ba, hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1 zuwa Holmenkollen ka kalli birnin daga kan tudu. Kafin ka koma masauki ka yi cefanen kwana biyu.

Kwana na uku: ƙetare tsauni

Wannan ita ce ranar da ka biya kuɗin jirgi dominta. Layin dogon Oslo zuwa Bergen an buɗe shi a 1909, tafiyar kusan awa bakwai ce, kai kuma za ka sauka a Myrdal bayan awa huɗu da wani abu. Awa biyu na farko daji ne da gonaki da tafkuna, kana iya yin gyangyaɗi. Bayan garin Geilo ka wartsake. Itatuwa suna gajarta har su ɓace, sai ka ga kanka a gefen tudun Hardangervidda, fili fetal na dutse da ruwa da ragowar ƙanƙara ko a Yuli. Tashar Finse ce mafi tsayi, mita 1,222 daga bakin teku, kuma titin mota bai kai can ba.

A Myrdal za ka tsallaka dandamali ka hau jirgin Flåm. Kilomita 20 ne kacal, amma yana gangarowa sama da mita 860 cikin kusan awa guda, ta ramukan dutse 20, waɗanda 18 daga cikinsu da hannu aka haƙa. An yi kusan shekara 20 ana aikin kafin a buɗe shi a 1940. Yana tsayawa minti biyar a mafaɗar ruwa ta Kjosfossen, kowa ya fito ya ɗauki hoto. Feshin ruwan yana jiƙa mutum, ka sa rigar ruwanka tun a ciki. Idan ka ji kiɗa ya tashi ka hango mace cikin jar riga tana rawa a jikin dutse, ba gamo ka yi ba, wasa ne da ake shirya wa baƙi daga tatsuniyarsu ta aljanar daji.

Kwana na huɗu: zama a Flåm

Mutane da yawa awa biyu suke yi a nan su wuce. Kai ka kwana biyu. Manyan jiragen ruwan yawon duniya kan sauke dubban mutane da safe su kwashe su da la'asar, bayan tafiyarsu sai ƙauyen ya yi tsit, ka ji ƙarar ruwa da ƙararrawar tumaki.

Ruwan da kake gani a gabanka ba kogi ba ne, teku ne. Ƙanƙara ce ta daɗe tana nuƙurƙusar dutse ta haƙa kwari mai zurfi, da ta narke sai teku ya shigo ya cika shi. Shi suke kira fiyod. Na Flåm reshe ne na Sognefjord, wanda ya shiga cikin ƙasa sama da kilomita 200, zurfinsa kuma a wani wuri ya haura mita 1,300.

Da safe ka bi ƙaramar bas zuwa Stegastein, wani dandamalin katako da ya miƙe mita 30 daga jikin dutse, mita 650 sama da ruwa, ƙarshensa gilashi. Mai jin jiri ya tsaya a tsakiya. Da rana ko ka taka gefen kogi zuwa tsohon ƙauyen, ko ka je Undredal inda ake kiwon awaki, ka ɗanɗana cukunsu mai ruwan ƙasa, brunost. Zaƙi ne da shi kamar alewar madara, ana yanka shi siriri a ɗora a burodi.

Kwana na biyar: ruwa, bas, jirgin ƙasa

Jirgin ruwan Flåm zuwa Gudvangen awa biyu yake yi, kuma wasu daga cikin jiragen da lantarki suke tafiya, ba ƙara ba hayaƙi. Rabin tafiyar na biyu cikin Nærøyfjord ne, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2005. A inda ya fi matsewa faɗinsa bai wuce mita 250 ba, duwatsu tsaye gefe da gefe, ga gonaki maƙale a wuraren da za ka rantse akuya ma ba ta hawa. Ka hau na safe, ka tsaya a waje duk da sanyin.

A Gudvangen bas tana jira, awa guda da 'yan mintoci zuwa Voss, daga can jirgin ƙasa awa da kwata zuwa Bergen. In wani ya yi jinkiri kada hankalinka ya tashi, jiragen Voss zuwa Bergen suna da yawa a yini.

Kwana na shida da na bakwai: Bergen

Ana ruwa a Bergen sama da kwana 200 a shekara, saboda haka sama za ka kalla ka tsara yininka. Duk sa'ar da gari ya washe, bar abin da kake yi ka tafi Fløibanen, jirgin da igiya ke ja zuwa kan dutsen Fløyen tun 1918. Mintoci kaɗan ne ka kai mita 320. Ka sayi tikitin hawa kawai, ka gangaro da ƙafa ta cikin daji da lungunan gidajen katako.

In ruwa ya tsuge, sai Bryggen. Jerin gidajen katako ne a bakin tasha, inda fataken Jamus suka kafa zango wajen 1360 suka yi kusan shekara 400 suna ciniki. Gobarar 1702 ta cinye wurin aka sake gina shi a kan tsohon tsari, kuma yana jerin UNESCO tun 1979. Kada ka tsaya a gaba inda kowa ke hoto, ka kutsa cikin lungunan, ka ga yadda bangaye suka karkace suna jingine da juna. Hajar da ta gina wurin ka san ta: busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla, wanda ake sarewa da zarto a kasuwar Sabon Gari. A arewacin Norwe ake shanya shi a kan katakai cikin iska mai sanyi, ba gishiri ba hayaƙi, kuma har yau Najeriya tana cikin manyan masu sayensa, musamman kawunan.

Akwai wani wuri da baƙi ba su cika zuwa ba, tsohon asibitin kutare na St. Jørgen da aka mayar gidan tarihi. A wannan birni ne likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873, lokacin da ake ɗauka gadonta ake yi. A watannin ɗumi yake buɗewa. Kasuwar kifi ta bakin ruwa kuwa ka zaga ka kalla, amma farashinta na baƙi ne. Miyar kifi a ƙaramin shago cikin gari ta fi sauƙi.

Ranar tashi, jirgin cikin gari na Bybanen yana kai ka filin jirgin Flesland cikin kusan minti 45 da kuɗin bas na gari. In ta Amstadam ko Farankfot za ka bi, a can za a duba fasfonka na fita daga Shengen, ba a Bergen ba, don haka ka bar aƙalla awa biyu tsakanin jirgi da jirgi. Ka kuma tabbatar ranar da za ka bar can ɗin tana cikin kwanakin da aka rubuta a bizarka.